Takardu uku a adakar Baba: ƙasa nawa ya zauna?

Sani Tela, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba saboda rufin yana yoyo, sai muka buɗe adakarsa ta ƙarfe. Can ƙasan rigunan sallah akwai wata leda da ya naɗe takardunsa a ciki ya ɗaure da zare. Katin shaidarsa na 1968, da hotonsa yana saurayi da ɗan siririn gashin baki, a sama an rubuta République Fédérale du Cameroun. Takardar harajin shagonsa ta 1977 kuma an rubuta République Unie du Cameroun. Katinsa na ƙarshe, wanda ya rasu da shi, République du Cameroun kawai. Ɗiyata A'i, tana ajin ƙarshe na firamare, ta jera su a kan tabarma ta ce, Baba, ashe Kaka ƙasa uku ya zauna? Na ce mata bai taɓa barin Garwa ba sai da ya tafi aikin hajji. Ta ce to me ya sa sunan ya bambanta? Na rasa abin cewa, na kore ta ta je ta kwanta. Masu ilimi ku taimaka kafin ta dawo daga makaranta.

Danladi Direba: Hahaha an kama tela da hannu cikin aljihu. Ka ce mata gwamnati ma takan sake ɗinki idan riga ta matse ta.

Hajiya Ladi, Kusuri: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kai Danladi ba ka da aiki sai tsokana.

Mushe Bello (malamin makaranta), Marwa: Wa alaikumus salam Malam Sani. Allah ya jiƙan mahaifinmu. Tambayar A'i ita ce nake fara darasi da ita duk shekara, kuma manyan ɗalibai ma sukan rikice.

Ƙasa tana da suna iri biyu. Akwai wanda ke gaya maka wuri, wato ina ne. Akwai wanda ke gaya maka irin mulkin da aka ɗora a kan wurin. Ɗauki gidanku a misali. Idan ana kwatance za a ce gidan nan na Yelwa kusa da masallaci, wannan bai canjawa ko mutum goma suka gaji gidan. Amma a takardar fili sunan mai shi ake rubutawa, ranar da aka raba gado ko aka sayar sai a sake rubutu. Kalmar Kamaru ita ce kwatancen. Abin da ke gabanta, Jamhuriya ko Tarayya ko Haɗaɗɗiya, shi ne takardar fili.

Ga yadda takardun Baba suka zo. Ranar 1 ga Janairu 1960 ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi ya sami 'yanci da sunan Jamhuriyar Kamaru, Ahmadu Ahijo ɗan garinku yana shugaba. Ranar 1 ga Oktoba 1961 kudancin ɓangaren da Ingila ke riƙe da shi ya shigo, sai aka koma Jamhuriyar Tarayyar Kamaru: jihohi biyu, ta Gabas da ta Yamma, kowace da firaministanta da majalisarta, tuta kuma tauraro biyu. Katin 1968 ke nan. Ranar 20 ga Mayu 1972 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka soke tarayya, aka ce Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Kamaru. Takardar shagon ke nan, kuma shi ne dalilin faretin da yaranku ke yi duk 20 ga Mayu. A Fabrairun 1984 Paul Biya ya cire kalmar Haɗaɗɗiya, aka koma sunan farko.

Sani Tela, Garwa: Mushe Allah ya ƙara ilimi. Wato Baba yana zaune a shagonsa ƙasa ce ke ta canja riga a kansa.

Abakar, Injamena: Mu dai a nan ba mu da wannan wahala. Jamhuriyar Chadi tun 11 ga Agusta 1960, an yi juyin mulki, an yi yaƙi, sunan yana nan. Kuma sunanmu na gida ne, daga tafki. A bakin Barebari kalmar tana nufin babban ruwa. Ku fa mutanen Kamaru, ku faɗa wa jama'a ma'anar naku mana, kada ku ji kunya.

Danladi Direba: Wayyo, an zo wurin.

Mushe Bello, Marwa: Babu kunya a tarihi Malam Abakar. Jatan lande ne. Wajen 1472 matuƙan jirgin ruwa 'yan Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, inda Duwala take yanzu, suka tarar da jatan lande birjik, suka sa masa Rio dos Camarões, kogin jatan lande. Jamusawa da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884 suka ce Kamerun. Faransawa suka ce Cameroun. Mu muka ce Kamaru.

Hajiya Ladi, Kusuri: Ikon Allah. Ni da ban taɓa sa jatan lande a bakina ba sai na busasshe da ake kawowa daga kudu, ashe sunansa nake yawo da shi a jaka shekara da shekaru.

Zainabu, Gaundare: Ina neman afuwa Mushe, ku malamaina ne, amma nan ne misalin gidan Yelwa ya karye. Kun ce Kamaru kwatancen wuri ne da ba ya canjawa. To a 1472 wurin da ake kira haka bakin kogi ɗaya ne. Ko a 1884 ɗin, garin Duwala kansa ake kira Kamerun, sai a 1901 aka mayar masa da suna Duwala. Me ya ja sunan daga bakin teku har Kusuri, tafiyar fiye da kilomita dubu? Babu kogin da ya kawo shi, babu dutse. Sojan Jamus ne suka ɗauko shi a ka, duk inda bindigarsu ta tsaya nan sunan ya tsaya. Mutumin Garwa ruwan Binuwai yake sha, kuma Binuwai Najeriya yake gangarawa ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ko ƙanshin Wuri bai ji ba. Saboda haka a wurin ɗan Duwala Kamaru sunan wuri ne, a wurinmu nan arewa tun ranar farko sunan siyasa ne.

Abakar, Injamena: Yawwa ƙanwata, gaya musu.

Zainabu, Gaundare: Yaya Abakar kada ka yi saurin tafi, kanka zan dawo. Tafkin naku ne ku kaɗai? Ƙasa huɗu ke bakinsa: ku, mu, Nijar da Najeriya. Mutumin Blangwa ko Darak ɗan Kamaru ne, kullum ƙafarsa cikin ruwan Chadi, amma ba ɗan Chadi ba ne. Mutumin Bardai can cikin duwatsun Tibesti ɗan Chadi ne da kati, wataƙila har ya mutu bai ga tafkin ba. Faransa ce ta ɗauki sunan ruwan da ke gefen yamma ta shimfiɗa shi har iyakar Libiya.

Danladi Direba: Yarinyar nan lauya take karanta ko? Na rantse ba zan yi shari'a da ita ba.

Abakar, Injamena: To na ji. Amma dai ruwa ya fi jatan lande daraja.

Alhaji Garba, Gaundare: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Na ji abin da yara ke faɗa, na ce bari in sa baki.

Lokacin da muke tasowa muna bin iyayenmu fatauci, ban taɓa jin babana ya ce za shi Najeriya ba. Cewa yake za shi Ingilishi. Idan ya dawo wannan gefe ya ce ya shigo Faransa. Yola Ingilishi ce, Garwa Faransa ce. Tsofaffin da suka girme shi kuwa, idan suna ba da labarin abin da ya daɗe sai su ce tun zamanin Jamus. Wato mu da sunan mai mulki muke kiran ƙasa, don shi ne mai karɓar haraji a kan hanya. Idan kuma maganar wuri ake yi, muna da namu sunayen da ba a rubuta su a kowace takarda ba. Wanda ya tafi saro goro ya tafi Gwanja. Wanda ya gangara kudu cikin daji ya tafi Kurmi, ko Yawunde ce ko Ikko duk Kurmi ne. Wanda ya nufi gabas da niyyar hajji a ƙasa ya bi ta Wadai. Wanda ya koma Kano ko Katsina ya tafi Hausa. To ku 'yan boko ku gaya mini, Ƙasar Hausa tana da tuta? Tana da shugaba? Amma akwai wanda zai ce babu ita?

Sannan nan inda nake zaune. Kafin Bature duk wannan yanki Fombina ake ce masa, da Fulatanci kudu ke nan, don kudu yake da Barno da Sakkwato. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya kafa Yola a 1841, shi ya sa ake cewa Adamawa. Lamiɓen Garwa da Gaundare da Tibati da Banyo duk Yola suke kallo. Turawa suka ja layi, kai ya faɗa hannun Ingila, gangar jiki ta faɗa hannun Jamus. Yau akwai Adamawa a Najeriya, akwai Adamawa a Kamaru. Na gaji, sauran sai an jima.

Mushe Bello, Marwa: Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan da kuka faɗa ya fi abin da ke littafin da nake koyarwa da shi. Kuma Adamawa ta bi hanyar da ta saɓa wa ta Kamaru. Kamaru ta fara a sunan kogi ta koma sunan mulki. Adamawa ta fara a sunan mulkin mutum ɗaya, yanzu masu zanen taswira suna kiran tudun nan da ya raba arewa da kudu tudun Adamawa, inda Binuwai da Sanaga ke samo ruwa. Sunan sarauta ya zama sunan dutse. Lardin Adamawa namu kuwa a 1983 aka yanke shi, lokacin da aka raba tsohon lardin Arewa gida uku. Jihar Adamawa ta Najeriya a 1991, daga tsohuwar Gongola.

Kawu Umaru, Mubi: Na daɗe ina karatu ban ce komai ba. Ni ɗan Najeriya ne a zauren nan, aure ya haɗa ni da Marwa. Amma ku sani mu ma Kamaru ne a da. Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye da Gembu, duk Jamus ta riƙe su, bayan yaƙin duniya na farko aka ba Ingila riƙo, ana kiran mu Kamaru ta Arewa. Ranar da aka yi ƙuri'a a Fabrairun 1961 kudu ta zaɓi Ahijo, mu muka zaɓi Najeriya, ƙuri'a 146,296 a kan 97,659. Ranar 1 ga Yuni 1961 muka shiga, aka sa mana Lardin Sardauna. Ahijo bai ji daɗi ba ko kaɗan, har ƙara ya kai kotun duniya, kotu ta ƙi yanke hukunci a 1963. Mahaifiyata har ta rasu idan ta ga baƙo daga Gidar ko Mokolo takan ce ɗan uwanmu na Faransa ya zo. To idan Kamaru sunan wuri ne zalla, me ya fitar da Mubi daga ciki? Duwatsun Mandara ba su gusa ba, ina ganinsu daga ƙofar gidana, gefe ɗaya namu gefe ɗaya naku.

Zainabu, Gaundare: Na gode Kawu. Mushe kun ji shaida ta biyu.

Mushe Bello, Marwa: Na ji, kuma na yarda iyakar da sunan ya kai siyasa ce ta ja ta. Amma Zainabu kada ki haɗa abu biyu. Inda suna ya tsaya daban, abin da suna ke faɗa daban. Kalmar Kamaru ba ta gaya miki ko sarki ne ke mulki ko shugaba, ko jihohi ne ko dunƙulalliya. Kalmar Tarayya tana gaya miki. Shi ya sa a Majalisar Ɗinkin Duniya kowace ƙasa ke da gajeren suna da cikakken suna. Gajeren shi ne kan allon da ke gaban wakili, cikakken shi ne kan yarjejeniya da fasfo. Duba maƙwabciyarmu. Zamanin Faransa Ubangi-Shari ce, koguna biyu. Jagoranta Boganda ya mayar da ita Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1958. Bokasa ya tashi a 1976 ya ce Daular Afirka ta Tsakiya, ya naɗa wa kansa kambi a shekarar da ta biyo, 1979 aka tumɓuke shi aka koma Jamhuriya. Kalmar gaba ta yi ta tsalle, Afirka ta Tsakiya tana zaune. Gwajin da nake ba ɗalibai ke nan: idan gwamnati ta faɗi gobe, wace kalma za a kankare daga allon ofis, wace za a bari?

Zainabu, Gaundare: To Zayar fa, wato Kwango ta Kinshasa? Mobutu a 1971 bai tsaya kan kalmar gaba ba. Ƙasar ya canja wa suna, ya canja wa kogin, kuɗin ma Zayar. Da ya faɗi a 1997 aka kankare duka har na kogin. Gwajinku ya faɗi a nan. Kuma ku tambayi Iran da Larabawa sunan ruwan da ke tsakaninsu, ɗaya ya ce Tekun Fasha ɗaya ya ce Tekun Larabawa, ruwa ɗaya ne fa.

Mushe Bello, Marwa: Kin same ni a Zayar. Zan daina cewa gwajin ba ya kuskure.

Danladi Direba: A rubuta ranar yau, malamin makaranta ya ce an same shi.

Ni kuma ga tawa tambayar ta ƙwallo. A 1990 wa ya fitar da mu a kofin duniya, ci 3 da 2, bayan Roger Milla ya gama rawarsa? Ingila ko Birtaniya? Don rediyo wata rana su ce firaministan Birtaniya wata rana su ce Sarkin Ingila.

Mushe Bello, Marwa: Ingila ce ta ci mu, kuma har yau bugun fanareti biyun nan na Lineker suna yi mini ciwo. Birtaniya tsibiri ne, a cikinsa akwai Ingila da Sikotilan da Wels. Ƙasar da ke da fasfo da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce Haɗaɗɗiyar Masarautar Birtaniya da Ailan ta Arewa, wato tsibirin da kuma wani yanki na tsibirin da ke kusa. A ƙwallon ƙafa kowa da tasa ƙungiya. Ka ce wa mutumin Sikotilan ɗan Ingila, kamar ka ce wa Bamusgu Bafulatani ne don kawai daga arewa ya fito. Amurka ma haka, nahiya ce tun daga Kanada har Ajantina, ƙasa ɗaya ta cinye sunan.

Hajiya Ladi, Kusuri: Ai mu ma muna yi. Wa ya taɓa cewa Hajiya ta tafi Saudiyya? Makka muke cewa, ko da a Jidda take sayen kaya ko tana Madina. Ƙanwata ta shekara shida tana aiki a Riyad, har yau a gida cewa ake tana Makka.

Malam Isa, Yagwa: Hajiya kin taɓo wuri mai kyau. A littattafan da muka karanta a zaure babu Saudiyya. Akwai Hijaz, inda Makka da Madina suke, akwai Najdu, akwai Jaziratul Arab gaba ɗaya. Saudiyya sunan gidan sarauta ne, Ali Sa'ud, Sarki Abdul'aziz ya sa wa ƙasar a 1932 bayan ya haɗa Hijaz da Najdu. Haka Sudan. Biladus Sudan a wurin malaman Larabawa ya taso tun daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya, mu duka muna ciki, Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da suke rubuta bilad as-Sudan ƙasarmu suke nufi. Mali ma Sudan ta Faransa ake ce mata har 1960. Yau ka ce kai ɗan Sudan ne sai a tambaye ka Khartum ko Juba.

Hajiya Ladi, Kusuri: Bari in ba ku nawa na kusa. Kusan kullum ina haye gadar Ngeli da kaya. Daga ƙofar gidana ina hango fitilun Injamena. Ruwa ɗaya muke sha, Lagon da Shari a gabanmu suke haɗuwa, Larabcin kasuwa ɗaya, kuɗi sefa ɗaya, buhun albasa ba ya sanin ya canja ƙasa. Wata rana na manta katina a wata jakar, wani ma'aikaci a bakin gada ya tsare ni, ya san fuskata sarai, mun sha gaisawa. Na ce ɗana, ni ce fa, nan da can duk ba bakin kogi ba ne? Ya ce Hajiya bakin kogi ɗaya ne, jamhuriya biyu ce. Na koma gida a kan mashin cikin rana na ɗauko kati, kafin in dawo tumatir ya fara laushi. Tun ranar na san wanne ne a cikin sunayen biyu ke da jandarma.

Abakar, Injamena: Hajiya sannu. Kuma garuruwan namu biyu duka sun taɓa ɗaukar sunan Bature. Mu Fort-Lamy, ku Fort-Foureau. Lamy, kwamandan sojan Faransa, a yaƙin Kusuri ya mutu, 22 ga Afrilu 1900, rana ɗaya da Rabe. Shugaba Tombalbaye ne ya mayar da mu Injamena a 1973, shi ma ya jefar da François ya koma Ngarta. Kakata har ta rasu Fallomi take cewa.

Zainabu, Gaundare: Akwai abin da na lura da shi, ku duba ku gani. Jera sassan mulkin arewa: Binuwai, Faro, Mayo-Luti, Mayo-Rai, Mayo-Sava, Mayo-Canaga, Mayo-Kani, Mayo-Danai, Lagon-da-Shari, Vina, Mbere, Jerem. Kusan duka ruwa ne, mayo ma ai kogi ne da Fulatanci. Kuna tsammanin son kogi ne ya sa? A ganina gwamnati na gudun sunan ƙabila da na masarauta ne. Ka sa wa yanki sunan Kotoko, Larabawan Shuwa su tashi. Ka sa na Fulani, Giziga da Mafa su ce mu fa? Kogi ba shi da ƙabila, kowa na sha. Dahomey ma abin da ya sa shugabanta Kereku ya mayar da ita Benin a 1975 ke nan: Dahomey masarautar Fon ce ta kudu, mutanen arewa ba su ga kansu a ciki ba, sai aka ɗauko sunan gaɓar teku. Wato ko lokacin da aka zaɓi sunan wuri tsantsa, ɗan siyasa ne ya zaɓe shi, don dalilinsa.

Mushe Bello, Marwa: Wannan na karɓa hannu biyu, zan ma sace shi in kai aji. Sai dai Sankara ya yi akasin haka a 1984, ya jefar da sunan kogin Volta ya ce Burkina Faso, ƙasar mutane masu mutunci, kalma ɗaya daga Mosanci ɗaya daga Julanci. Shi da harsuna biyu ya raba gardamar.

Kawu Umaru, Mubi: Mu da Nijar kuwa kogi ɗaya muka raba, kuma ba mu ne muka sa masa Neja ba, mu Kwara muka sani. Wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, ta ƙago Najeriya a 1897, daga baya ta auri Lugga.

Sani Tela, Garwa: Jama'a kun kai ni Makka kun kai ni Ingila. Ku dawo da ni kan takardar 1977. Kalma ɗaya ce aka cire, Unie. Ni a ɗinki idan na cire maɓalli ɗaya riga ba ta lalacewa. Me ya sa Mushe ya ce abin da girma?

Mushe Bello, Marwa: Don sunan da aka koma a 1984 shi ne daidai sunan da ɓangaren Faransa ya ɗauka shi kaɗai a 1960, kafin 'yan uwanmu masu Ingilishi su shigo. Gwamnati ta ce ma'anarsa haɗin kai ya kammala, ba sauran buƙatar a riƙa tuna an taɓa rabuwa. Wasu daga Bamenda da Buea suka karanta shi daban, suka ce an goge shaidar cewa biyu ne suka haɗu. Kamar mutum biyu su haɗa jari su rubuta sunansu a allon shago, wata rana ɗaya ya wayi gari ya ga allon ya koma sunan abokinsa na da. Ko ba a taɓa jarinsa ba zai tambaya. Tauraro biyun tuta ma tun 1975 suka koma ɗaya. Masu neman ɓallewa kuma da suka tashi neman suna, ba su so kalmar Kamaru, sai suka ɗauko na wani lungun teku kusa da Limbe, Ambas. Kun ga abin da Zainabu ke faɗa ya sake fitowa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Tarihi muke yi, an faɗi abin da ya faru, ya isa nan. Rikicin yankin can an yi asarar rayuka, akwai 'yan zauren nan da ke da 'yan uwa a ciki. Duk wanda ya shigo da goyon baya ko zagi zan goge. Allah ya kawo zaman lafiya.

Malam Isa, Yagwa: Amin ya Allah.

Mushe Bello, Marwa: Amin. Na tsaya nan shugaba.

Alhaji Garba, Gaundare: Na dawo daga masallaci. Sani ɗana, duba katin farkon nan da kyau, wurin haihuwa. Mu tsararmu ba a rubuta mana rana, sai dai a ce wajen shekara kaza. Gaya mini abin da aka sa wa babanka.

Sani Tela, Garwa: To Baffa, ga shi a hannuna. Tawadar ta koɗe amma ana gani: né vers 1942 à Garoua.

Alhaji Garba, Gaundare: To ka gani. Ya girme ni da kaɗan. A 1942 babu jamhuriya ko ɗaya, Faransa ce.

Mushe Bello, Marwa: Haka ne Baffa, riƙon amana ne a hannun Faransa, daga tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, sai 1946 ya koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ya sa a takarda Kamaru ba ta cikin tarayyar Afirka ta Tsakiya ta Faransa da Chadi ke ciki. Kakan Malam Sani kuma in ya kai shekaru, a ƙarƙashin Jamus aka haife shi, don Garwa ba ta fita hannun Jamus ba sai Yunin 1915, dutsen Mora ma sai Fabrairun 1916.

Sani Tela, Garwa: A'i ta dawo, na karanta mata tun daga sama, har da na jatan lande, ta yi dariya har da faɗuwa. Na ce mata Kaka wuri ɗaya ya zauna, masu mulki ne suka yi ta sake wa mulkinsu suna. Ta ƙirga da yatsa ta ce to ai ba uku ba ne, biyar ne, da na Faransa da na 1960 da ba mu ga takardarsa ba. Yanzu kuma ta nace sai ta tafi da takardun makaranta gobe ta nuna wa malaminsu.

Hajiya Ladi, Kusuri: Kul, kada ka ba ta na ainihi. Ka kai a yi mata hoto a shagon kwamfuta. Su kuma ka fitar da su daga ledar nan, leda na tara gumi, ka sa a ambulan da ɗan kanumfari saboda gara.

Danladi Direba: Ka duba ƙasan adakar da kyau tela, wataƙila akwai ta Jamus.

Sani Tela, Garwa: Na duba. Saura carbi da rasit ɗin keken ɗinki.